Taswirar Ƙarya ta Masuntan Torsholm

Torsholm, 3 ga Maris, 1986

Gwaggo Aslaug,

Gaisuwa daga tsibirin da kika gudu kika bar mu, da fatan ke da Kawu Harald kuna lafiya, kuma ruwan saman Seattle bai sa kun yi tsatsa ba. Mu nan lafiya lau. Kaka Eilif yana nan daram, sai dai idon da ke ƙara dushewa. Ni nake karanta masa wasiƙunki yanzu, kuma kullum nakan ƙara masa da cewa kin ce a saya wa Sindre sabon takalmi. Har yau bai saya ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san karatuna bai wuce wanda limamin coci ya ɗura min da ƙyar ba.

Zauna tukuna, labarin ba na tsaye ba ne.

Wani kamfani daga kudu yana so ya kafa kejin kiwon kifin salmon a tekunmu. Ba cikin lungu ba, can waje inda ruwa ya buɗe. Keji goma sha biyu, kowanne ya kai faɗin cocinmu, da aikin mutum ashirin. Makarantarmu saura yara bakwai, saboda haka ba wanda ya yi saurin cewa a'a. Suka turo wata mata, Tordis, doguwa, mai takalmin roba irin namu. Watan jiya ta shimfiɗa taswira a ɗakin taro, ta ajiye jan fensir, ta ce kowane mai jirgi ya zana inda yake kamun kifi domin kejin ya kauce masa. Ta fita shan kofi don kada ta takura mana.

Gwaggo, ke 'yar garin nan ce, kin riga kin san abin da ya faru. Jirage tara, maƙaryata tara. Oddvar ya zana wurin da ko ƙaguwa ba ta kwana. Kaka ya sa na zana masa bayan Dutsen Tumaki, inda ruwa bai kai ƙugu ba. Ni kuma na ƙara masa wata da'ira dab da gonar dankalin limami, don aikin ya yi kyau. Kowa yana zane yana satar kallon ɗan'uwansa, kowa yana gyaɗa kai kamar ya yarda.

Shekaranjiya ta dawo tana murna. Ta ce masana sun duba, tekun duk ja ne, sai wuri ɗaya tak da ya rage fari tas, ba mai kamun kifi a cikinsa, ga zurfi daidai, ga ruwa mai gudu. Ta ɗora yatsa.

Rumbu, Gwaggo. Tudun ƙarƙashin ruwan nan da ya ciyar da kakan kakanmu, inda jiragen nan tara ke haɗuwa kowace safiya, kowa a kusurwarsa, a dawo gaɓa kuma kowa ya rantse bai ga kowa ba.

Oddvar ya shaƙe da kofi. Ta ce, "Akwai mai magana?" Wa zai yi? Wanda ya buɗe baki ya tona kansa. Sai Kaka ya miƙe ya ce, "Wuri mai kyau. Ba komai a can," da murya irin ta wanda ake cire wa haƙori.

Tun ranar bai gama cin abincinsa ba. Ni dai na yi dariya har na zauna a ƙasa, amma yanzu dariyar ta fara yi min ɗaci.

Ɗanki mai ladabi da biyayya,
Sindre

Seattle, 15 ga Maris

Sindre, ja'irin yaro,

Muna lafiya, Harald yana gaishe ku, bayansa ya yi sauƙi. Ga safa ƙafa biyu na saƙa wa Baba. Na Baba na ce, kada in ji an gan su a ƙafarka.

Labarinka ya yi daɗi, har na karanta wa matan coci suka yi ta dariya. Amma kai ne ka rubuto min bara cewa Baba zai auri Gunvor mai kanti, har na sayi yadi. Kai ne ka ce kifin whale ya shigo mashigin jirage ya haɗiye kwalekwalen limami. Yanzu kuma dattawa tara sun miƙa Rumbu da hannunsu? Ka ƙara gishiri kaɗan, wata rana za a sa ka a rediyo.

In gaskiya ne, Baba ya sa hannu a ƙasan takardar. Na san hannunsa. Kuma ka faɗa min gaskiyar idon nan, likita ya gani ko bai gani ba?

Gwaggonka,
Aslaug

Torsholm, 28 ga Maris

Gwaggo,

Muna lafiya, safa ta iso, tana da ɗumi ƙwarai, in ji Kaka. Likita ya ga idon, ya ce sai lokacin kaka za a yi aiki. Dubi ƙasan takarda, ga hannun Kaka nan kamar sawun kaza. Wannan karon ko gishiri ban sa ba. Ba zan kira ki ta waya ba, kin san wayar a kantin Gunvor take, kuma kunnen Gunvor ya fi wayar tsawo.

Washegarin taron, Tordis ta hau tudu da sassafe. Ta ga jirage sun fita kowanne ya kama gabansa, gabas, yamma, kudu. Ta ci gaba da tsayuwa a cikin sanyi. Bayan awa guda ta ga duk sun karkato sun nufi wuri ɗaya. Da rana ta shigo kanti, dattawa suna zaune, ta ce, "Laifina ne. Kakana masunci ne. Da ya ga na ba masunta jan fensir a gaban juna, da ya jefa ni a ruwa." Ta naɗe taswirar ta cusa a murhu. Ba ta ce wa kowa maƙaryaci ba. Oddvar ya yi ta kallon rufin ɗaki.

Ga abin da ta kawo. Za ta fita da kowane jirgi, ita kaɗai da mai shi, ba takarda, ba fensir, ba na'ura. A nuna mata kusurwar da ido, ta riƙe a ka. In ta gama za ta ja layi ɗaya mai faɗi, ta ce keji ba zai ƙetare nan ba, ba tare da ta faɗi dalili ba. Takardar neman izni za ta tafi wurin hukuma ranar talatin ga Afrilu.

Kuma ba ta sayar mana da zuma ba. Ta tara mu ta faɗi munin abin: kashin kifi da ragowar abinci da ke taruwa a ƙarƙashin keji, ƙwarƙwatar da ke kama kifin, da waɗanda ke tserewa in raga ta yage. Oddvar ya ce, "Ke kamfanin ne ya aiko ki, ko abokan gabarsa?" Ta ce, "In na ɓoye muku yau, baɗi za ku gani da idonku, ni kuma ba zan sake iya sauka a gaɓar nan ba." Tana kwana gidan Borghild gwauruwa, tana fiɗar kifi tare da mata har hannunta ya tsattsage.

Ni fa ban yarda da ita haka kawai ba, na gwada ta. Bayan ta fita da Oddvar na kai mata cinyar rago mai ƙyafi, na ce, "Tsakanina da ke, ina tsohon nan ya kai ki?" Ta yanka, ta ci, ta sake yanka, ta suɗe yatsa, sannan ta ce, "Oddvar? Ya kai ni wani wuri mai ruwa da yawa." Naman ya tafi, ban samu komai ba. Ranar na fara ganin girmanta.

Jirage takwas sun fita da ita. Saura mu. Kuma ga matsalar: layin nata yana tura kejin arewa, arewa kuwa kusurwarmu ce. Akwai rami mai zurfi bayanta inda keji zai zauna lafiya, amma sai ta san inda tamu ta ƙare. Kaka ya daina zuwa can gaba ɗaya, a tsakiyar lokacin kifi, don kada a bi shi da ido. Ni ban san alamomin gaɓar da ake gane wurin da su ba, kin san in mun kusa yakan sa ni in zauna a ƙasan jirgi in zuba wa inji ido.

Na ce, "Kaka, kowa ya nuna." Ya ce, "Kowa bai yi alkawarina ba. Ranar da na nuna wa ubanka da Aslaug, na ce musu ba kunne na huɗu sai da yardarsu. Ubanka ya rasu. Saura Aslaug."

To, Gwaggo, magana tana hannunki. In kin ce e, zai sa wa matar kamfanin Rumbu a hannunta, mu huta. Ni ma wataƙila in samu aiki a kejin, in daina cin tuwon tsoho. Ki yi sauri.

Sindre

Seattle, 10 ga Afrilu

Sindre,

Muna lafiya. Na ga hannun Baba, na yarda, kuma tun ranar ban samu natsuwa ba.

Na karanta layinka na ƙarshe sau biyar. A sa wa matar kamfani Rumbu a hannunta, ku huta, kai ka samu aiki. Ashe cinikin ke nan? Wurin da ubanka ya yi shekara ashirin yana jan ƙugiya, shi za a ba da don a sa maka rigar ma'aikata?

Kai yaro ne. Ƙanen Harald yana da kogi a arewacin nan da ya ci daga gare shi shekara talatin. Su ma mace aka turo musu, mai fara'a, ta san sunan 'ya'yan kowa. Yau ba kifi a kogin, matar kuma ba wanda ya san inda take. Masu daɗin baki ake turowa gaba, masu injin haƙa suna baya. Ta ci naman ragonka ta yi maka wasa, shi ke nan ta zama waliyya?

Amsata a'a ce. Ka karanta wa Baba kamar yadda na rubuta: Aslaug ta ce a'a.

Gwaggonka

Torsholm, 28 ga Afrilu

Gwaggo,

Jikinmu lafiya, sauran kuma ga shi. Iska ta hana jirgin wasiƙa zuwa kwana shida, takardarki sai shekaranjiya ta iso, saura kwana huɗu. Na buɗe ta a bakin gaɓa, na ga a'a ɗinki da manyan baƙaƙe.

Zan faɗa miki abin da na yi niyya, ki zage ni daga baya. Kaka ba ya ganin rubutu. Ni ne idonsa. Mutumin da ya sa miki maganar takalmi a baki sau goma, e ɗaya ce za ta gagare shi? Har na shirya muryarki, da ɗan tarin nan da kike yi kafin ki yarda da abu.

Na biya ta wurin Tordis, tana wanke akwatunan kifi. Na ce, "Shirya, gobe za ki fita da Kaka. Gwaggo ta ce e." Ta dube ni, ta dubi takardar da ke leƙowa daga aljihuna, ta ce, "Ta ce, ko za ta ce a bakinka?" Gunvor ce ta ba ta tarihina, ba shakka.

Na ce, "Me ya dame ki? Kusurwar za ta tsira, tsoho zai ci abinci, ke ki gama aikinki. Wa aka cuta?"

Ta ajiye tiyo ta ce, "Sindre, ƙarya ce ta kawo mu nan, ƙarya mai kyakkyawar niyya har guda tara. Kana so mu ƙara ta goma? Ran da gwaggonka ta zo ta ce ba ta yarda ba, tsohon nan zai san ya karya alkawarinsa a kaina. Daga ranar ba mai sake gaya min ko yanayin iska a tsibirin nan."

Na ce, "To ki bi shi da madubin hangen nesa mana." Ta ce, "Wannan sata ce. Ni roƙo na zo yi."

Na koma gida na karanta masa, layi bayan layi, ban rage ba, ban ƙara ba. Harshena har ƙaiƙayi yake. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, shi ke nan." Ya tashi ya je rumfa ya fara naɗe igiyoyin kusurwar yana ratayewa, kamar yadda ake yi in lokaci ya wuce. Gwaggo, ban taɓa ganin bayansa ya lanƙwashe haka ba.

Jiya Tordis ta shiga kanti ta kira ofishinsu, Gunvor tana goge gwangwani ɗaya har ya kusa hujewa. Ta ce musu ba za ta sa hannu ba, akwai kusurwar da ba ta gani ba. Shugaban nata ya yi ta ihu har na waje suna ji. Ya ce wace kusurwa, ta wa, a ina? Ta ce, "Sirrin ba nawa ba ne, ba zan faɗa ba." Ƙarshe ya ba ta wata ɗaya. In Mayu ya ƙare ba ta kawo ba, za su turo wani da na'urar auna zurfi, ita kuma ta nemi aiki wani wuri. Ta ajiye wayar, ta sayi sabulu, ta fita. Da yamma Oddvar, wanda bai taɓa ba kowa ko kan kifi ba, ya aika mata da mafi girman abin da ya kama.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don na ga alƙalamina ne ya yi ɓarna. Ba sayarwa za a yi ba, ba kyauta ba, ba takarda. Nuna mata kawai zai yi, don ta kawar da kejin daga kai. In ba a nuna ba, a kai za a dasa shi, ba da mugunta ba, da rashin sani. Aikin kuwa ina so, ba zan ɓoye ba. Amma in kin ce e, na yarda in haƙura da shi, ki riƙe wannan takardar shaida.

Ban san matar kogin ƙanen Kawu ba. Wannan dai na ga ta ɗora abincinta a kan alkawarin wani tsoho da ko gaisuwar kirki bai taɓa yi mata ba.

Sindre

Seattle, 9 ga Mayu

Sindre ɗana,

Muna lafiya. Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ƙofa, ban ko cire riga ba. Na yi maka mummunar fahimta, ka yafe ni. Aikin kuma ka nema, ba na son shaidarka.

Ga na Baba, ka karanta masa da ƙarfi: Baba, na yarda. Ka fita da ita. Matar da ta hana jikanka yin ƙarya ta yi abin da ya gagari limami uku.

Wannan na ƙasa naka ne kai kaɗai, kada ka karanta masa.

Sindre, ban san alamomin ba. Shekara talatin da biyar ina cewa ina riƙe da sirrin gidanmu, na sha yin alfahari da shi a gaban Harald. Da wasiƙarka ta zo na zauna in tuna, na rufe ido, ba komai. Na san akwai wani tsauni, akwai wani farin gini, amma wanne a bayan wanne, Allah ne masani. Rabin fushin da na yi maka kunya ce. Shi ne abu ɗaya da ya rage min na tsibirin, kuma ashe ba ya hannuna. Ka ce wa matar nan ta riƙe da kyau, don in Baba ya tafi ba za a same shi a wurina ba.

Gwaggonka,
Aslaug

Torsholm, 23 ga Mayu

Gwaggo,

Lafiya lau, har da ƙari. Kaka ya cinye kwano biyu jiya ya nemi na uku.

Wasiƙarki ta iso ranar Litinin, Talata da safe muka fita, teku kwance kamar madara. Da muka kusa na gyara tsayuwa, ina cewa yau dai zan ga abin da aka ɓoye min tun ina goye. Sai Kaka ya ce, "Aslaug matar ta ce, ba ta ce kai ba. Koma wurin inji." Haka na zauna a ƙasa kamar buhun gishiri. Na dai hango su ta gefen ido: yana raɗa mata a kunne, ita tana duba gaɓa tana cewa "saura kaɗan, saura kaɗan, tsaya." Shi ne mai sani, ita ce idon. Ya saki ƙugiya, kafin ta taɓa ƙasa kifi ya kama. Ya miƙa mata igiyar ta ja da kanta.

Ta ja layinta ranar Laraba, takarda ta tafi jiya. Kejin zai zauna a ramin arewa, nesa da Rumbu gaba ɗayansa, kuma ta sa an rubuta cewa duk shekara mutum biyu daga cikinmu za su bi mai nutso su ga ƙarƙashin kejin da kansu. Oddvar ya ce shi ne na farko, wai bai yarda da kowa ba. Tordis za ta zauna, Borghild ta riga ta hana ta ɗakin baƙi ta mai da ta na ɗiyarta.

Saura laifina. Kin ce kada in karanta masa na ƙasa. Na kai wurin na tsaya, sai ya ce, "Takardar ba ta ƙare ba, na ji ba ka juya ta ba." Da can da na ƙirƙiro masa labarin bayan Kawu Harald. Amma matar nan ta lalata ni, yanzu ba na iya tsallake layi. Na karanta duka, ina jiran ya fashe.

Gwaggo, dariya ya yi, har da hawaye, har sai da na buga masa baya. Ya ce, "Mantawa? Me ta gani da za ta manta? Ranar tun daga bakin mashigi kanta yana wajen jirgi tana amai, ubanka yana riƙe da gashinta. Ko tsauni ɗaya ba ta kalla ba."

Na ce, "Kaka! Ka san ba ta sani ba, ka bar mu wata biyu muna jiran jirgin wasiƙa, kusurwar tana shirin tafiya?"

Ya share ido, ya daina dariyar. Ya ce, "Tana cikin jirgin lokacin da na yi alkawarin, kuma ta ce amin. Da ita na yi, ba da abin da ta riƙe ba. Rubuta mata haka."

To, ga shi na rubuta.

Ɗanki,
Sindre